Giram Ashirin a Hannun Indo

Indo ba ta san shekarar haihuwarta ba. Katin da aka yi mata a meri, ofishin magajin gari, ya ce wajen 1968, ta kuwa yarda da shi tunda ba ta da wani. Abin da ta tabbatar shi ne a Gaffati aka haife ta, gidan manoman gero da gyaɗa, kuma tun haƙoranta ba su gama sauyawa ba take zama gefen buhu a kasuwar Mirriya. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana awo: gero, dawa, ɓararriyar gyaɗa, wake in an yi shekarar wake. Masu saye sun san rumfarta da abu ɗaya. In ta cika tiya ta juye, sai ta bi da gyara, ko an roƙa ko ba a roƙa ba. Wanda ya ja ciniki har rana ta take ya samu gyara. Wanda ya zage ta ma ya samu, sai dai ba ta kallon fuskarsa.

Mijinta Suma'ila yana jan motar haya hiyas tsakanin Mirriya da Damagaram har Allah Ya yi masa rasuwa. Daga nan zuwa kasuwa ya zama wahala, ga gwiwa ta fara ƙorafi. Ta tattara ta dawo unguwar Garin Malam a Damagaram da jikoki biyu, waɗanda ubansu ya yi arewa neman aiki, ana jin muryarsa a waya daga salla sai salla. Wata maƙwabciya ta kai ta wata ƴar masana'anta a bayan gari inda ake yin garin kunun yara. Gero ne da gyaɗa da waken soya, a soya, a niƙa, a tankaɗe, a ɗura a leda rabin kilo rabin kilo, a kai gidajen likita na ƙauyuka. Mai wurin, Madam Sa'a, tsohuwar ungozoma ce da ta ajiye aiki. Ta dubi farcen Indo, ta ba ta farar riga da hula, ta nuna mata tebur.

Su huɗu ne a teburin ɗuri. Kowace da gwangwaninta na silba da maƙeri ya yi daidai: in an cika an share baki, rabin kilo ne. Akwai balans guda ta awon nauyi a tsakiyar tebur, tsohuwa mai allura, kuma ƙa'ida ta ce a ɗora mata kowace leda. Ana ɗorawa in Madam na tsaye. Indo ta ɗora sau ɗaya, ranar da ta fara aiki. Allura ta tsaya inda ya kamata ko kusa da nan, ita kuwa ba ta sake damun balans ba har shekara shida.

Sai wata ƙungiya ta ce za ta riƙa ɗaukar garin da yawa, amma da sharaɗi. Kada leda ta gaza giram ɗari huɗu da casa'in, kada ta wuce ɗari biyar da goma, kuma a nuna shaida a takarda. Madam ta sayo injin ɗuri. Ta kuma ɗauki Mahamud, ɗan shekara ashirin da tara mai dipulom ɗin jami'a, wanda ya zo da sabuwar balans mai lambobi a jakar baya, naɗe cikin tawul.

Ranar Litinin Madam ta tara masu ɗuri.

"Injin nan za a gama haɗa shi ƙarshen sati mai zuwa," in ji ta. "Shi zai riƙa ɗuri. Ba zan yi muku ƙarya ba, mutum ɗaya zan iya riƙewa a tebur, don ranar da babu kuran, an ɗauke wuta, da kuma ƙananan aikin da bai kai a tada inji ba. Sauran ukun sai haƙuri."

"Wa za ki riƙe, Madam?" Larai ce ta tambaya, mai zama hannun hagun Indo, wadda ta fi kowa baki a wurin.

"Ba ni zan zaɓa ba, kada a ce na yi son kai. Takardar Mahamud za ta zaɓa. Wannan satin na koyo ne. Sati mai zuwa shi ne na gaske."

Indo ta dubi gwangwaninta. Ita da jikokin nan biyu, daga teburin nan suke ci, babu wani wuri. Ta gyara zaman hularta ta koma aiki.

Mahamud ya manna takarda huɗu a bango, kowace da sunan mai ita, kowace da layi uku a kwance.

"Bon, ku dubi nan. Layin tsakiya ɗari biyar ne. Na sama ɗari biyar da goma, na ƙasa ɗari huɗu da casa'in. Kowace awa zan zo in ɗauki leda biyar a gaban kowa. Ba wadda kuka miƙo mini ba, wadda hannuna ya faɗa kai. In auna, in sa ɗigo biyar. Abu biyu nake dubawa: inda ɗigon suka taru, da kuma tazarar da ke tsakanin mafi nauyi da mafi rashin nauyi."

"Shekara nawa ka yi kana karatu a lakwal?" in ji Larai.

"Goma sha bakwai."

"Don ka sa ɗigo."

"E."

"To Allah Ya sa albarka, Mushe Ɗigo."

Sunan, wato Malam Ɗigo a bakin masu Faransanci, ya bi shi tun daga ranar. Har mai gadi, wanda ba ya nan aka yi maganar.

Zuwa Laraba takardun sun cika rabi. Ta Larai kamar an watsa wa kaji tsaba: ga ɗigo a ɗari huɗu da saba'in da takwas, ga wani a ɗari biyar da ashirin da shida. Amma da aka haɗa aka raba, ɗari biyar cif. Larai ta ji haka ta rangaɗa guɗa. Mahamud ya ce mata uwar da ta samu ƙaramar leda ba ta haɗawa ta raba, gani kawai za ta yi kunu ya ƙare da wuri. Larai ta ce ita dai ta ji ɗari biyar, sauran maganar ta bar masa. Takardun sauran biyun ba su fi tata ba.

Ta Indo ce ta hana shi zama. Ɗigonta sun jeru kamar tururuwa, ɗaya na bin ɗaya: ɗari biyar da sha tara, da ashirin da ɗaya, da ashirin, da ashirin. Sai dai duk a saman layin sama suke, can wurin da ya rubuta kwanan wata. Ya zargi balans ɗinsa. Ya ɗora mata ƙarfen gwaji na rabin kilo sau uku, sau uku ta ce ɗari biyar. Sai ya jawo kujera ya zauna yana kallon hannun Indo.

Ta tsoma gwangwani ta cika, ta share baki da ɗan katako, ta juye a leda. Sannan, ba tare da ta duba ba, tana ma amsa wa Larai wata magana kan layin famfo a unguwarsu, ta sake tsoma bakin gwangwanin ta ɗebo ɗan kaɗan ta bi da shi. Leda ta gaba haka. Ta gaba ma haka.

"Inna, mene ne wannan na ƙarshe?"

"Wanne?"

"Wanda kika ƙara."

"Ban ƙara komai ba."

"Yi wata in gani." Ta yi. Hannun na komawa ya ce, "Tsaya. Wannan."

Indo ta dubi hannunta kamar na wata. "Au. Wannan ai gyara ne."

"Gyara."

"Ku a gidanku ba a zuwa kasuwa?"

"Inna, nan ba kasuwa ba ce."

"Mutum ne zai ci?"

"Mutum ne."

"To."

Da la'asar ya zauna da wayarsa ya yi lissafi, ya fito wa kowa da lamba biyu. Ya tsaya gaban tebur yana karantawa.

"Lamba ta farko tana faɗin yadda hannu ke maimaita kansa. Ƙungiya na son ɗaya da ɗigo talatin da uku, ko sama. Larai ba ta kai rabi ba. Injin da aka sayo, a takardarsa, ɗaya da rabi. Ke Inna, biyu da ɗigo biyu. Ban taɓa jin an samu haka a hannun mutum ba."

"Madalla. Ta biyun fa?"

"Ta biyun tambaya take: hannun yana maimaita kansa, to a ina? Cikin layi ko waje?" Ya sosa ƙeya. "Taki ƙasa da sifiri take."

"Akwai abin da ke ƙasa da babu?"

"A lissafi akwai."

"Kuma ni ce a can."

"Ke kaɗai."

"Ni fa?" in ji Larai.

"Ke kina sama da babu da kaɗan."

"Alhamdulillahi. Indo, ki gaida mutanen ƙasa."

Mahamud bai so a yi asarar hannu irin wannan ba. Ranar Alhamis da safe ya zo da dabara, yana murmushi tun daga ƙofa.

"Inna, na samo mafita. Zan kai gwangwaninki wurin maƙeri a kasuwar Dole ya rage masa baki, ya koma ɗari huɗu da tamanin. Ki cika, ki yi gyaranki, ɗari biyar ke nan. Kowa ya huta."

Indo ta ajiye gwangwanin a hankali ta rufe bakinsa da tafin hannu.

"Ka rage mini ma'auni."

"Ɗan kaɗan."

"Ɗan nan, a kasuwa na tsufa. Na ga masu buga gindin tiya da dutse don ya shige ciki. Na kuma ji inda malamai suka ce masu yin haka za su. Yanzu da furfurata ka ce in riƙe ragaggen gwangwani, in kuma ɗora gyara a kai don a ce ina da kirki? Ai masu dutsen sun fi ni gaskiya."

"Amma ledar za ta fita daidai."

"Ledar za a tambaya gobe kiyama?"

Mahamud ya dubi takardarsa. Babu layin wannan a ciki. Ya koma ofis.

Ranar Juma'a ya sake dabara. Ya auna gari kilo ɗari ya ajiye mata ita kaɗai, ya ce nata ledojin a jera su a kwalaye daban. Da garin ya ƙare ya kira ta.

"Kilo ɗari na ba ki da safe. Leda ɗari biyu ke nan, kwali biyar, arba'in arba'in. Huɗu sun cika. Leƙa na biyar."

Ta leƙa. Jeri ɗaya babu komai, gindin kwali ake gani.

"Gari ya ƙare," in ji ta.

"Ya ƙare."

"Ni dai ban ci ba."

"Na sani. Yana cikin sauran ledojin, giram ashirin ashirin. Wannan kwalin Zermu za shi, likitar can yara arba'in ta rubuta." "Inna, a kasuwa daga buhun wa kike ɗibar gyara?"

"Nawa mana. Na wa zan ɗiba?"

"Yawwa."

Indo ta sa yatsa cikin kwalin ta ƙirga gurbin. Takwas. Ta sake ƙirgawa daga ɗaya gefen, ko za a samu sauƙi. Takwas. Ta cire farar riga ta rataye, ta fita ba ta yi wa kowa sallama ba, abin da mai gadi ya ce bai taɓa gani ba.

Litinin ta gaske ta zo, Indo ta shigo da niyya. Ta cika, ta share, ta juye. Hannun dama ya kama hanyar komawa buhu, ta sa na hagu ta riƙo shi. Leda ta gaba, don tsoron kada ta ƙara, ta share bakin gwangwanin da ƙarfi har ta kwashe na ciki: ɗari huɗu da tamanin da bakwai. Ta gaba ta ga kamar ta zalunci wani, ta ɗan ƙara, ta ga bai isa ba, ta sake ƙarawa: ɗari biyar da ashirin da tara. Matar da ta yi shekara shida tana ɗuri tana hira ta koma kallon gwangwani kamar ranar ta fara ganinsa. Aikin da take gamawa kafin azahar ya kai ta la'asar.

"Barka da zuwa cikinmu," in ji Larai. "Da ma ana ta tambayarki."

Talata ba ta fi Litinin ba. Mahamud ya riƙa sa ɗigonta ba ya kallon inda take. A kusurwar ɗakin mutum biyu na ɗaure wa injin ƙusoshi, kullum yana ƙara kama da abin da aka zana a kwalinsa. Madam ta shigo ta tsaya gaban takardar Indo, ta daɗe.

"Indo, lafiya?"

"Lafiya lau, Madam. Ƴar magana muke da hannu."

"Saura kwana uku."

"Shi ma na faɗa masa."

Ranar Laraba ta zo da babban kwanon silba mai murfi, sabo, ko takardar kantin ba a ɓare ba. Ta wanke shi da ruwan zafi yadda ake wanke kayan aiki, ta bari ya bushe, ta ajiye a hannun damanta.

"Inna, ba a shigowa da abinci nan," in ji Mahamud.

"Babu komai a ciki."

"To na mene ne?"

"Je ka, ka dawo in awarka ta cika."

Bai tafi ba. Ta tsoma gwangwani ta cika, ta share, ta juye a leda. Hannun ya koma buhu, ba ta hana shi ba. Ya ɗebo ɗan kaɗan yadda ya saba. Sai ta karkatar da shi dama, ta zuba a kwano. Ta ɗauki leda ta gaba. Kafin ta yi goma ta daina kallon hannun, ta koma hira.

"Wa kike wa gyara, kwano?" in ji Larai.

"Na Zermu ne."

"Yau kwalayen Gaffati za su."

"To na gida ne ma."

Awa ta cika, Mahamud ya ɗauki biyar ya auna. Ɗari biyar. Ɗari biyar da ɗaya. Ɗari huɗu da casa'in da tara. Ɗari biyar. Ɗari biyar da biyu. Ya je bango ya sa ɗigo, ya ja baya, bai gan su ba, don sun hau kan layin tsakiya sun ɓace cikin tawada. Ya je ofis ya aro jan alƙalamin bik. Da yamma garin kwanon ya cika leda takwas, kwali na biyar ya rufu daidai.

Juma'a bayan an sauko masallaci Madam ta sake tara su. An gama haɗa inji, an rufa masa zane. Mahamud ya ja layi a tsaye a takardar Indo, tsakanin Talata da Laraba, ya rubuta cewa nan aka sauya hanyar aiki.

"A'a, Mushe Ɗigo," in ji Larai. "Litinin da Talata fa? An yafe mata ne? Mu wa ya yafe mana?"

"Haka ake yi in hanya ta sauya, daga nan ake sabon lissafi. Amma na san za ki tambaya, shi ya sa na yi duka biyu. In an cire kwana biyun, ita ce. In an sa su, ita ce, da ƙyar."

"Da ƙyar ɗin nan nawa ne?"

Ya nuna mata. Larai ta daɗe tana kallon lambobin, ko da yake ba ta karanta su.

"Kwano ya cinye mu," in ji ta. "Da na sani da baho na zo."

Madam ta faɗi sunan da kowa ya riga ya sani. Indo ba ta yi murmushi ba. Shekara shida kafaɗarta na gogar ta Larai a teburin nan. Aka yi a yafi juna, sauran biyun suka yi kuka, Larai ta ce ita sai ta isa gida, nan akwai doka kada ruwa ya taɓa gari. Yanzu Larai tana tuyar awara a bakin titin masana'antar. Mahamud na saye kusan kullum, takan miƙa masa ta ce ya ci a nan gabanta, kada ya kai ciki ya auna.

Bayan wata biyu wani mutumin ƙungiyar ya zo duba aiki, ranar kuwa babu kuran, Indo ce a tebur. Ya karanta takardar hanyar aiki da Mahamud ya manna a bango. Mataki na huɗu ya ce a juye a leda. Na biyar ya ce a ɗebi gyara a zuba a kwano.

"Wannan na biyar ɗin me yake ƙara wa leda?" in ji baƙon.

"Ba komai," in ji Mahamud.

"To a cire shi. Ɓata lokaci ne."

Mahamud ya buɗe dirowa ya fito da takardar Litinin da Talatar nan, ya shimfiɗa kusa da ta ranar. Ya ce wannan babu mataki na biyar, wannan da shi. Baƙon ya dubi ɗaya, ya dubi ɗaya, ya dubi Indo, wadda ba ta san da ita ake ba. Ya sa hannu a takardar ya nemi ruwan sha.

Akwai abu ɗaya da Mahamud bai rubuta a bango ba. In buhu ya ƙare da yamma, Indo takan jawo kwanon gabanta ta ɗura ledojin ƙarshe daga cikinsa. Ta cika, ta share, ta juye, ta ɗebi gyara daga kwanon ta mayar cikin kwanon. A leda ta takwas gari ya ƙare ƙaf, sai ta karkata kwanon ta kakkaɓe sannan gwangwani ya cika. Duk da haka hannun yakan koma. Bakin gwangwanin ya taɓa gindin kwano ya yi ƴar ƙara, ta juya shi kamar da wani abu a ciki, sannan ta kai kayan wurin wanki.